Muryar Yaya Mukhtari Tana Kwanni

Yayana Mukhtari makaɗin noma ne. Duk wanda ya taɓa yin gayya a Araba ko Garu a shekarun baya ya san shi, domin in ya rataya ganga ya buɗe baki, raggo ma sai kunya ta kama shi ya duƙa. Ni ce ƙanwarsa, Hindatu. 'Ya'yansa uku, Attahiru da Jabir da autarsu Ramatu, Gwaggo suke ce mini, kuma ni ce ake kira in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidan.

Wata damina, tun Ramatu tana 'yar ƙwailarta, wasu mutane suka zo daga Yamai tare da wani Bature mai jan wuya, suka ce suna son ɗaukar waƙar Yaya. Ba a ɗaki ba, a gona, ranar gayya. Suka kafa sanduna kewaye da manoma, kowace da abin ɗaukar magana a kanta, gaba da baya, dama da hagu. Mu mata da muka kai abinci muna ta dariya, muna cewa Bature ya zo dashen ƙarfe. Da aka kwana biyu sai ga faifai ya iso, guda ɗaya tak, da hoton Yaya a jiki yana hararar rana.

Faifan nan ba irin na kasuwa ba ne. Layi shida aka zuba sautin, kowane layi da lasifikarsa. Yaya ya yi ta tambaya har ya samo irin na'urarsa a Kwanni, ta hannu: akwatin faifai, da babban akwatin da ke raba sauti, da lasifika shida. Biyu dogaye, biyu ƙanana, ɗaya ƙatuwa kamar turmi, ɗaya kuma siririya da ake kwantar da ita. Yakan jera su a ɗakin matarsa, Inna Ummu, ya zaunar da mutum a tsakiya ya ce ya rufe ido. Wallahi sai ka ji kamar ƙasa mai laima ce a ƙarƙashin ƙafarka.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Malam Abdulbaƙi ya zo rabon gado. Gona da gida da dabbobi duk an raba yadda shari'a ta ce, ba wanda ya ɗaga murya. Da aka zo kan kayan sautin, Malam ya ce a sayar a raba abin da aka samu. Kowa ya ce a'a, kayan Baba ba za su shiga kasuwa ba. To, sai aka raba su kamar awaki. Attahiru, da yake shi ne babba, ya ɗauki akwatunan da dogayen nan biyu da faifan. Jabir ya ɗauki ƙatuwar ya tafi da ita Garu. Inna Ummu ta karɓi ƙananan ta ɗora a saman jeren kwanoninta. Saura siririyar. Attahiru ya tura ta da ƙafa ya ce, "A ba Ramatu wagga, ai ado ta. Mace mi za ta yi da lasifika?"

Ina wurin. Na ga fuskar yarinyar. Ita ce fa wadda Yaya yake gwada sabuwar waƙa a gabanta kafin kowa ya ji. Ta naɗe abarta a zane, ta koma gidan mijinta a Kwanni, kuma tun daga ranar ƙafarta ba ta sake taka gidan Attahiru ba, inda Inna Ummu take zaune. Uwarta take kira a waya, shi ke nan.

Bana matar Attahiru ta haifi namiji. Tun kafin a wanke jaririn Inna Ummu ta ce Mukhtari za a sa masa, kuma abu ɗaya take roƙo: ranar suna a zaunar da ita a tsakiyar ɗaki da jikanta a cinya, mai sunan ya yi masa waƙa da bakinsa. Attahiru ya bugi ƙirji a gaban mutane.

"Inna, an gama. In ba ki ji Baba ba ranar nan, kar ki sake kirana ɗanki."

Attahiru mutum ne mai kai. Kayan babur yake sayarwa a bakin iyaka, kuma babu injin da ya taɓa gagararsa. Ya riga ya san akwatin faifan ya daina karatu, idonsa ya mutu, faifan kansa kuma ya fara ƙarzuwa. Tun kafin haihuwar ya kai faifan Sakkwato wurin wani Bashar mai aikin kwamfuta, wanda ya kwashe waƙoƙin ya zuba masa a filas, ba a rage ko ƙwayar sauti ba. Ya aika Garu aka ɗauko ƙatuwar, wadda ashe Jabir kujerar alwala ya mayar da ita. Ya sauke ƙananan daga kan kwanoni ya busa ƙura. Lasifika biyar suka hallara a ɗakin Inna Ummu.

Na ce, "Ɗan nan, ta wajen Ramatu hwa?"

"Gwaggo, biyar sun isa su tada unguwa."

Na bar shi na zauna a bakin gado ina tsince shinkafar suna, don ni ma a lokacin ban san aikin siririyar ba.

Da hantsi ya fara. Ya soka filas a jikin talabijin, talabijin ya rubuto cewa bai san wannan abin ba. Attahiru ya yi dariya ya ce talabijin ɗin ne ɗan ƙauye. Ya ɗauko kwamfutarsa ta shago, ya haɗa ta da akwatin raba sauti da wata siririyar waya irin ta abin sa wa a kunne. Sauti ya fito, amma daga dogayen nan biyu kaɗai, a cure wuri ɗaya kamar an tara mutanen gayya an cusa su a buhu. Sauran ukun kuwa ko tari.

Inna Ummu ta leƙo daga madafi. "Wanga rediyo na. Ba shi nic ce ba."

"Inna, ki ba ni lokaci. Yanzu na gano."

Kuma ya gano ɗin. Ya ce mini wayar nan hanya biyu gare ta, layi shida ba za su bi ta ciki ba, kamar a ce shanu shida su shiga ƙofar akurki. Ya hau babur ya shiga kasuwa, ya dawo da wata waya mai kauri mai faɗin kai, ya soka. Ya taɓa nan ya taɓa can a kwamfutar, ya gaya mata lasifika shida ne a gabanta, ba biyu ba. Ya danna.

Abin da ya fito sai da na zubar da shinkafa. Ƙara ce kawai, tas-tas-tas, kamar an jefa ɗanyen kifi a tafasasshen mai, ganga na leƙowa tana ɓacewa. Kajin tsakar gida suka watse.

"Ka kashe kahin ka ƙona muna gida!" in ji Inna Ummu.

Ya kashe. Ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa, yana kallon akwatin kamar mai ciniki da shi. Can ya ce, "Gwaggo, tsoho na. Loma ta yi mai girma." Wai sautin da Bature ya ɗauka yana da nauyi ƙwarai, kwamfutar kuma tana ɗura wa akwatin fiye da abin da maƙogwaronsa zai haɗiye. Ya shiga wani wuri a kwamfutar ya sassauta ɗurin, ya saukar da shi daidai ƙarfin tsohon. Ya ce mini ba a taɓa waƙar ba, tana nan yadda take, hanyar miƙa ta kawai aka gyara.

Ya sake dannawa, sai ga gonar Araba a ɗakin Inna Ummu.

Ganguna suka taso daga dama da hagu. Babbar gangar nan ta fito daga ƙatuwar Jabir har kwanoni na rawa. Daga bayanmu, a ƙananan, sai ga hauyoyi suna sara tare, cas, cas, da tsuntsaye, da muryoyin mata can nesa. Inna Ummu ta shigo da ludayi a hannu ta tsaya. 'Yan amshi suka ɗauka gaba ɗaya da ƙarfinsu, suka sauke. Aka yi shiru, ganga kawai. Suka sake ɗauka, suka sauke. Shiru kuma.

Suna amsa wa mutumin da ba ya nan.

Duk inda Yaya ya kamata ya shigo, sai rami. Inna Ummu ta dubi ɗanta, ta dubi bango, ta juya ta fita, ludayin na ɗiga.

Attahiru ya kira Bashar na Sakkwato, ya buɗe muryar wayar ina ji.

"Malam Bashar, ka ci amanata! Ka kwashe ganguna ka bar mini ubana cikin hwaihwai!"

"Haba Alhaji, ni mi zan yi da ubanka? Tura waƙa guda cikin wayarka, ka sa abin kunne ka saurara."

Ya yi hakan. Na ga idonsa ya kaɗa. Ya cire ɗaya ya sa mini a kunne, sai ga Yaya, ƙarami, a matse cikin hayaniya, amma shi ne. Waya ba ta san layi shida ba, sai ta dama su duka wuri ɗaya.

"To ka ji," in ji Bashar. "Yana nan. Wajenka yab ɓace. Akwai wani maɓalli ga rimot na gwaji, danna shi, ka bi su ɗaya ɗaya."

Attahiru ya danna. Doguwar hagu ta yi huci, shuuu. Sai shiru na ɗan lokaci. Doguwar dama ta yi huci. Ƙaramar dama, ƙaramar hagu, ƙatuwa ta yi gurnani. Aka sake zagayowa: hagu, shiru, dama. Ya jawo akwatin ya leƙa bayansa, ni ma na leƙa. Wuraren soka waya shida ne. Biyar da waya, na tsakiya fayau.

Bature ya ba kowa wurinsa a faifan nan. Ganguna nasu, hauyoyi nasu. Muryar mai waƙar kuwa ya ware ta ita kaɗai ya sa a layin tsakiya, layin siririyar da aka tura da ƙafa.

Na ce, "Ado ta, ko?"

"Gwaggo, don Allah."

Amma Attahiru ba ya faɗuwa da wuri. Ya ce ai lasifika lasifika ce. Ya zare wayar ƙaramar hagu ta baya, ya kawo ta gaba ya soka a ramin tsakiya, ya ƙwala wa uwarsa kira. Ta zo ta zauna a tsakiyar ɗaki, ya danna. Yaya ya buɗe baki. Muryar ta ɗan shaƙe don akwatin ƙarami ne, amma ta cika ɗakin, 'yan amshi suka samu wanda suke amsa wa. Ni dai hawaye suka zubo mini. Attahiru ya tsaya yana murmushi, hannu a ƙugu.

Inna Ummu ta saurara, ido a rufe, har waƙar ta yi nisa. Sai ta juya kanta hagu, ta baya, tana jira. Ta buɗe ido.

"Ina yarinyar?"

"Wace yarinya, Inna?"

"Nan wurin, in ya gama kiran sunan Sarkin Noma, akwai yarinya ta nan bayana da ka cewa, Baba ga hura. Sannan ni in yi guɗa. Ina suke?"

Kusurwar da ya zare ke nan. Can ne mu mata muka tsaya da ƙoren fura ranar gayyar, kusa da sandar Bature. In ya mayar da lasifikar wurinta, uban ya ɓace. In ya bar ta a gaba, 'yar ta ɓace.

"Wanga mai sauƙi na," in ji Attahiru. "In aro wata ga masu kiɗan biki, yanzu-yanzu."

"Aro," in ji Inna Ummu. "To, in ka tahi ka aro ƙanwa ma, ka haɗo da ita." Ta tashi ta kaɗe zanenta ta koma madafi.

Washegari da safe, ana gobe suna, na yafa mayafina na ce ya tada babur. Ya ce shi kaɗai zai je. Na ce shi kaɗai ya je ya ɓata, yanzu da Gwaggo za a gyara. Na hau baya na riƙe rigarsa, muka bi ta cikin 'yan canji suna kaɗa sefa a fuskarmu, muka gaisa da na bakin iyaka waɗanda duk sun san shi, muka shiga Kwanni ƙashin bayana na kuka.

Ramatu ta tare ni da murna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Yayanta kuwa ta ce masa, "Sannu da zuwa," kamar mai karɓar kuɗin wuta. Ta yi barka da haihuwa tana kallon ƙofa. Ina zaune na hango abar a saman kabad ɗinta, naɗe cikin zanen nan dai na ranar rabo, ba ƙura ko kaɗan.

Attahiru ya yi gyaran murya, ya fara zancen layi shida da waya mai faɗin kai. Na taka masa ƙafa.

Sannan ya ce, "Ramatu, wagga da nit tura miki da ƙahwa. Mun haɗa komi jiya, ganguna sun hito, 'yan amshi sun hito, Baba bai hito ba. Muryarshi ta nan ciki take bi. Mu ganguna munka samu. Ke anka ba Baba."

Ramatu ta ɗaga kai ta dubi saman kabad ɗin, ta daɗe.

"Ado ta," ta ce.

"Na hwaɗi haka. Ban san abin da nike hwaɗi ba."

"Mace mi za ta yi da lasifika?"

"Ramatu, gaban Gwaggo kike son in duƙa? In duƙa."

"Duƙa mana," in ji ni. "Tabarma ta ishe ka."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da gefen mayafi, sai kuma dariyar ta koma wani abu. Na bar ta ta gama. Da ta share fuska ta ce, "Ba ni ba da aro. Gadona ta. Ni ka kawo ta da hannuna, ni ka sa mata waya, kuma in an gama ni ka komawa da abata."

"Na yarda," in ji Attahiru, tun kafin ta rufe baki.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, Malam Abdulbaƙi ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro Mukhtari, aka raba goro da dabino. Rana ta ɗan ɗaga sai ga kabu-kabu ya tsaya, Ramatu ta sauko rungume da abarta kamar jaririya. Ta wuce kowa ta shiga ɗakin uwarta. Attahiru ya mayar da ƙaramar kusurwarta ta baya, ya miƙa wa ƙanwarsa bakin waya ya nuna mata ramin.

"Ja ga ja, baƙi ga baƙi."

"Na gani, Yaya. Ba makauniya nike ba."

Ta kwantar da siririyar a gaba, tsakanin dogayen biyu, inda ubanta yake ajiye ta. Attahiru ya danna maɓallin gwaji. Hagu ta yi huci. Tsakiya ta yi huci. Jabir da ke bakin ƙofa ya ce, "Allahu akbar," kamar an ga wata.

Aka zaunar da Inna Ummu a tsakiya da jariri a cinya, Ramatu a gefenta, ni a ɗaya gefen, mata sun cika ɗaki har tsakar gida. Ganguna suka taso, hauyoyi suka sara a bayanmu, sannan Yaya Mukhtari ya buɗe baki daga gabanmu sosai, da cikakkiyar muryarsa, har da ɗan kaushin nan da take yi in ya ja numfashi. Jaririn ya buɗe ido ya yamutsa fuska, bai yi kuka ba. Inna Ummu ta sunkuya ta ce masa, "Ka ji mai sunanka. Haka yake, ba ya bari a yi barci."

Waƙa ta yi nisa, ya kira sunan Sarkin Noma. Sai daga baya, ta hagu, wata 'yar siririyar murya ta ce, "Baba, ga hura!"

Ramatu ta waiga da sauri tana neman yarinyar. Babu kowa sai ƙaramar lasifika a kan kujera. Kafin ta juyo, guɗa ta tashi daga kusurwar, Inna Ummu ta wancan lokacin, sai ta yanzu ta ɗaga kai ta kama hanci ta tayar da tata a kai. Matan tsakar gida suka ɗauka. Har maƙwabta suka aiko a tambaya ko tagwaye aka haifa.

Da la'asar Ramatu ta zare wayarta, ta naɗe siririyar a zane, kamar yadda ta ce. Attahiru bai yi musu ba. Shi ya ɗauke ta a babur ya mayar da ita Kwanni, abar a tsakaninsu. Ya riga ya gano, ya gaya mini a asirce, cewa akwai wani wuri a cikin akwatin da za a taɓa a raba muryar tsakiya ga dogayen biyu, a huta da neman ta shida. Na ce ya taɓa gaya wa uwarsa? Ya ce a'a. Na ce to ya ci gaba da rashin gaya mata.

Inna Ummu kuwa, tun daga sunan nan, ta zama mace mai yawan son jin waƙa. Juma'a ba ta cika wucewa ba sai ta ce kunnenta na ƙaiƙayi, a je a ɗauko Ramatu da kayanta.